Gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello: yadda aka tsara su da abin da ke cin su

Wanda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta babbar ƙofa a Samaru, ya taka a ƙafa har gindin ginin Sanet, wato hedikwatar mulkin jami'ar, ya ratsa zamani uku na gini ko da bai lura ba. Zai wuce dogayen gine-gine sirara masu bene ɗaya ko biyu, da baranda a gefe. Zai ga manyan gine-ginen kankare masu kauri da suka tashi a shekarun arzikin man fetur. Daga nesa kuma ga sababbi masu tsinin rufin alminiyom da tagogin gilashi masu zamewa. Kowane rukuni yana da dalilin da ya sa aka yi shi haka, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin tana zuwa ne daga mai gyaran da bai tsaya ya gano wannan dalili ba.

Ba a fili fetal aka kafa jami'ar ba. Da aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, wuraren da suka riga ta ta gada. Akwai Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Samaru, wadda harabarta ce ta zama cibiyar jami'ar. Akwai tashar binciken aikin gona ta Samaru da ke aiki tun 1922, da gonar kiwon dabbobi ta Shika tun 1928, da Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawuna a shekarun 1940. Shi ya sa har gobe jami'ar take a warwatse, Kongo a kusa da Tudun Wada, Samaru a kan hanyar Sakkwato, asibitin koyarwa can a Shika. An fara da tsangayoyi 4, sassa 15 da ɗalibai 426. Sardauna ne uban jami'a, Norman Alexander ne shugabanta na farko, sai Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975. A riƙe wannan adadi na 426, domin an auna faɗin baranda da girman bututun ruwa na gine-ginen farko ne da jama'ar da ba ta kai ko kusa da ta yau ba.

Sashen koyar da zanen gine-gine na jami'ar shi ne mafi tsufa a Nijeriya. A Ibadan ya fara, aka dawo da shi Zariya a 1955. Daga can kudu ne kuma salon ginin da ya mamaye makarantun wancan zamani ya yi ƙarfi, musamman bayan da Maxwell Fry da matarsa Jane Drew suka tsara Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Salon yana da ƙa'idoji masu sauƙin faɗa. A yi gini siriri, ɗaki ɗaya da baranda, domin iska ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan. A shimfiɗa tsawonsa daga gabas zuwa yamma, dogayen fuskokinsa su kalli kudu da arewa. A toshe gajerun bangayen gabas da yamma, ko a sa musu matakala da banɗaki. Sannan a yi wa kowace taga rumfar kankare.

Wannan ba ado ba ne, lissafin rana ne, kuma kowa zai iya bin sa. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. A watan Disamba, da tsakar rana, rana tana karkata kudu, tsayinta daga ƙasa kusan digiri 55 ne. Idan taga tana da tsawon mita 1.5, to rumfar da za ta kare ta gaba ɗaya a fuskar kudu sai ta fito kusan mita 1 daga bango. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuwa rana tana bi ta arewa da mu, amma a miƙe take, a Yuni tana kai digiri 77, don haka rumfar santimita 35 ta ishi wannan taga a fuskar arewa. Gabas da yamma su ne ba su da magani mai sauƙi. Rana tana zuwa musu a kwance da hantsi da la'asar, rumfar sama ba ta tare ta, sai dai tsayayyun fika-fikan kankare ko inuwar itace. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin da tagarsa ke kallon yamma a watan Afrilu ya san abin da ake nufi. Da ƙarfe uku zafin ke fara shiga, kuma ba ya barin ɗakin sai bayan isha.

Sai dai Zariya ba Ibadan ba ce, kuma nan ne salon ya yi tuntuɓe. A kudu zafi da laima suna tafiya tare kusan duk shekara, buƙatar mutum ita ce iska ta ratsa shi. Mu nan yanayi uku muke da shi. Akwai damina daga Mayu zuwa Oktoba, da ruwan da kan kai kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Akwai hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kawo ƙura da sanyin asuba. Akwai bazara, da zafin da ke kusantar digiri 40 da rana. Bulo mai huji-huji da tagar luba (mai jerin fallayen gilashi da ake karkatawa) da ke sanyaya aji a watan Agusta, su ne ke shigo da ƙura a Janairu, ta kwanta a kan littattafai da na'urorin ɗakin gwaji. A bazara kuma iskar tsakar rana ta fi jikin mutum zafi, buɗe mata taga ƙarin wahala ne.

Maginan birnin Zazzau sun daɗe da amsa wannan tambaya ta wata hanya dabam. Soron Bahaushe bango ne mai kauri, rabin mita ko fiye a gindi, da ƴan ƙananan tagogi a sama. Zafin da ya bugi bangon da rana yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya iso ciki, lokacin nan dare ya yi, gari ya huce. Da hunturu kuma wannan ɗumin ne ake kwana da shi. Ginin da ya fi dacewa da Zariya shi ne wanda ya haɗa biyun: jiki mai nauyi da ke riƙe sanyin dare, da tagogin da za a iya rufewa ruf da rana a buɗe su fayau da daddare ko da damina. Tagar luba mai kyau tana yin wannan aiki idan gilasanta sun cika kuma hannunta na juyawa. Darajarta ke nan, ko da yake mutane da yawa suna yi mata kallon kayan da.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗi da ɗalibai masu yawa, gini ya canza girma. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda aka raɗa wa sunan gwamnan tsohuwar Jihar Arewa, an buɗe shi a 1976. Ginin Sanet ya tashi sama har ya zama alamar jami'ar, ana hango shi tun daga hanya. A wannan zamani ne kuma aka datse rafin Kubanni domin samar da ruwan sha. Gine-ginen wannan rukuni ba sirara ba ne. Suna da zurfi, tsakiyarsu tana nesa da taga, don haka rayuwarsu ta rataya a kan wutar lantarki: fitila da rana tsaka, na'urar sanyaya ɗaki, lifta, famfon tura ruwa sama. An tsara su bisa zaton wuta ba za ta riƙa yankewa ba kuma kuɗin kula da su ba zai ƙare ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, jami'o'in ƙasar nan duka suka shiga shekarun da gyara ya zama abin da ake ɗagawa zuwa baɗi. Siririn gini mai baranda yana jure irin wannan sakaci, ko babu wuta ana karatu a cikinsa. Mai zurfi ba ya jurewa.

A tsakiyar wannan guguwa ta kankare ne aka yi wani ƙaramin gini da ya bi wata hanya, wato dandalin wasan kwaikwayo da ake kira Drama Village. Steven Ehrlich, wani Ba'amurke da ke koyar da zanen gine-gine a jami'ar, shi ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, aka gina shi da ƙasa. Ɗakuna ne na zagaye da katanga ta haɗa, suka kewaye fili a tsakiya kamar tsakar gida, ƴan kallo da ƴan wasa suna iya sauya wuri yadda wasan ya buƙata. A ganina wannan gini ya fi girmansa muhimmanci, domin ya nuna cewa sana'ar da ta gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya tana iya yi wa jami'a aiki. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina wancan masallaci a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da tubali da azara. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kusan mita 2. Dabarar gwanaye ita ce su jera ta hawa-hawa, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Da haka ake rufe zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Sharaɗin ginin ƙasa ɗaya ne, kuma kowane mai soro ya san shi: kafin damina a duba rufi, a gyara indararo, a sake yaɓe, musamman a bangon gabas inda hadari ke bugowa, a shafa makuba. Mai soro ba ya jin an cuce shi don ya yi wannan aiki duk shekara. Kankare ne ya zo da ruɗin cewa an gama gini an huta.

Abin da ke kashe ginin kankare a Zariya, kafin komai, ruwa ne, kuma daga sama yake farawa. Yawancin gine-ginen shekarun 1960 da 1970 shimfiɗaɗɗen dekin gare su, an lulluɓe shi da shimfiɗar kwalta. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 500, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, ya karɓi lita 25,000, wato tan 25. Duk wannan ruwa ta ƴan ramuka huɗu ko shida zai sauka. Hau irin wannan rufi a ƙarshen rani ka duba bakin ramin: busasshen ganyen darbejiya, ledar ruwa, ƙurar hunturu da ta zama laka, wani lokaci har ɗan tsiron cediya ya kafa saiwa a kusurwa. Ruwan farko na sauka sai ya taru. Idan ya kwanta santimita 10, kowane murabba'in mita ya ɗauki ƙarin kilo 100. Indararon soro a waje yake, idan ya toshe yaro ma zai gani. Bututun da aka binne cikin ginshiƙi kuwa ba a sanin ya toshe ko ya fashe sai bango ya yi baƙi daga ciki.

Ita kanta kwaltar tana da wa'adi. A irin ranarmu, bayan shekara 10 zuwa 15 ta bushe ta fara tsagewa. Dekin ma yana motsi. Kankare mai tsawon mita 30, idan zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa ya tsuke da kusan milimita 9. Don haka ne masu zane suke barin tsaga a dogon gini, a cike ta da abu mai laushi. Sau da yawa mai gyara yakan ga tsagar ya ɗauka aibi ce, ya cike ta da siminti. Ginin kuma ba zai daina motsi ba, sai ya nemi wani wurin ya tsage, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran rufi na gaskiya yana bin tsari. A kankare tsohuwar kwalta duka, kada a ɗora sabuwa a kanta, domin danshin da ke ƙasa zai kumbura ta da rana ta farko. A bar dekin ya bushe. A sake zuba simintin gangara, aƙalla santimita 1 a kowane santimita 60 zuwa 80, ya nufi ramukan. A lanƙwasa kusurwar da dekin ya haɗu da rawanin gini, a hau da shimfiɗar santimita 15 ko fiye a jikin bango, a cusa bakinta cikin tsagi. A sa wa kowane rami raga, a ƙara hujin ko-ta-kwana a jikin rawani wanda zai zubar waje idan ramin ya toshe. Kafin a biya ɗan kwangila, a toshe ramukan a tara ruwa santimita 5 na kwana biyu, a shiga ƙasa a duba. Da yawa sun gwammace su ɗora rufin kwano a kan dekin su huta. Yana tare ruwa kuma yana rage zafi idan an bar iska tana ratsa tsakani, amma yana sauya fuskar ginin, kuma idan ba a ɗaure katakon da rodi cikin kankare ba, guguwar farkon damina za ta yaye shi.

Daga rufi sai rodi. Sabon kankare yana da sinadarin da ke hana ƙarfe tsatsa. Shekara da shekaru iska tana cin wannan kariya daga waje zuwa ciki, kaɗan-kaɗan. Idan kaurin kankaren da ya rufe rodi ya kai santimita 3 zuwa 4, kuma an kwaɓa shi da kyau, ana daɗewa ba a kai ga ƙarfen ba. Amma rumfunan taga da fika-fikan da suka ƙawata gine-ginen wancan zamani sirara ne, wani rodin ma bai fi santimita 1 daga fata ba. Tsaya a ƙarƙashin irin wannan rumfa ka ɗaga kai. Da farko jan layi za ka gani kamar an ɗiga shayi, sai siririyar tsaga da ta miƙe daidai kan rodin, daga baya ɓawon kankare kamar tafin hannu ya ɓalle, ƙarfen ya fito yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, ita ce ke tura kankaren daga ciki.

A nan ne aka fi yin gyaran gangar Abzinawa: birkila ya watsa filasta a kan tsatsar, mai fenti ya bi, bayan damina biyu komai ya sake zubowa. Yadda ya kamata shi ne a bi wurin da guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi ƙarar fanko a yi masa alama. A sassaƙe har bayan rodin da kusan santimita 2, yadda yatsa zai zagaya shi, a ci gaba har inda ƙarfen yake da tsabta. A goge da burushin waya sai ya yi haske. Idan ƙarfen ya rame da kusan kashi ɗaya cikin biyar, magana ta bar hannun birkila, sai injiniya ya ce ga yadda za a ƙara wani. Akwai ruwan gwaji mai suna finolfitalin da ake fesawa a sabon sassaƙe: inda ya koma ja-ja kankaren yana da sauran kariya, inda bai sauya ba ta ƙare. Sannan a shafa wa rodin maganin tsatsa, a cike da kwaɓin gyara mai ƙarfi, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. A gefen rumfar ta ƙasa a yanka ɗan tsagi, domin ruwan da ya gangaro ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ciki ya koma bango.

Wata ɓarnar kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ma'aikata sun ƙaru, ofis ya yi kaɗan, sai a toshe baranda da bulo a fitar da ɗaki. An samu ɗakin, amma bangon da barandar ke yi wa inuwa yanzu babu mai kare shi, ajin da ke baya ya rasa hanyar iska, sai a nemo na'urar sanyaya ɗaki, a huda bango, ruwanta ya riƙa ɗiga a kan rumfar da ke ƙasa. Haka cire luba a sa tagar alminiyom mai zamewa. Luba tana buɗe kusan dukkan faɗin taga, mai zamewa ba ta wuce rabi, don haka an rage iskar ɗakin da rabi a rana ɗaya. Inda ƙura ce damuwar, kamar ɗakin gwaji ko na kwamfuta, taga mai marfi da roba a baki ta fi, tana rufewa ruf kuma tana buɗewa duka. Silin da rufin asbesto na tsofaffin gine-gine da gidajen ma'aikata kuma a yi hattara da su. Muddin suna lafiya ba a taɓa su ba, haɗarinsu kaɗan ne. Fasa su da guduma ko yanka su da inji ne ke tayar da ƙurar da ke lalata huhu, don haka sai an jiƙa su, a kwance su ɗai-ɗai, ma'aikata da abin rufe hanci na ƙwarai.

Ɗakunan kwanan ɗalibai, irin su Amina, Ribadu, Sulaiman, Akenzuwa da Ɗanfodiyo, nasu nauyin na yawan jama'a ne. A kowace jami'a, idan ɗakin da aka zana wa mutum biyu ya ɗauki shida, ginshiƙi ba ya kokawa, banɗaki ne ke fara gazawa. Tsohon bututun ƙarfe yana tsukewa da tsatsa daga ciki, ruwa ya daina hawa bene, a koma ɗauka da bokiti, dandamali ya wuni a jiƙe, danshi ya bi dekin ya sauka kan rodin silin na ƙasa. Fenti ba ya maganin wannan. Sai an sauya bututun, an fito da su fili inda hannu zai kai, an sake shimfiɗar hana ruwa a ƙarƙashin tayil, an faɗaɗa sokawe daidai da mutanen da ke ciki yau.

Sababbin gine-gine, waɗanda akasarinsu kuɗin TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da gudummawar hukumomi da masu hali, sun magance matsalar yoyo da tsinin rufi, wannan ci gaba ne. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga irinsu a jami'o'inmu sun manta da lissafin rana. Ana juya gini ya kalli titi ko da titin yana yamma, a jera gilashi ba rumfa, bangon bulon inci 9 mai rami ba ya riƙe sanyi. Ingancin bulon ma abin dubawa ne: buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 na inci 9 ba, amma a kasuwa ana fitar da 40 har fiye. A jami'ar da ke da sashen zanen gine-gine, da na fasahar gini, da na injiniyoyi, akwai hannun da zai auna kowane tsohon gini, a zana shi yadda yake a yau, a rubuta ranar da aka yi masa kwalta da inda bututunsa suka bi, a ajiye a inda mai gyara zai samu kafin ya ɗaga guduma. Aikin ɗalibai ne na zango ɗaya ko biyu ga kowane gini.

Lokacin aiki ma yana da nasa tsari a Zariya. Kwalta tana son busasshen dekin, don haka daga Disamba zuwa Maris ne lokacinta. Share rufi da buɗe ramuka da kwatoci a gama shi a farkon Afrilu, a sake hawa a duba bayan ruwan farko, domin shi ne ke tattaro sauran dattin ya kai bakin rami. Zubin kankare da filasta a hunturu kuwa sai an ninka kula, saboda busasshiyar iska tana shanye ruwan kafin simintin ya kama, fuskar ta yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki. A zuba da sassafe ko da yamma, kada ruwan kwaɓi ya wuce kusan lita 25 ga buhu, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko leda, a riƙa jiƙawa safe da yamma har mako ya cika.